Taurari Goma da Labarin Soyayya: Makin Masu Kallo a Kan Wasan Coupling na Steven Moffat

Duk wanda ya buɗe shafin IMDb yana neman wasan da zai kalla, abin da idonsa ke fara sauka a kai lamba ce, da ɗan tauraro ruwan ɗorawa a gefenta. Lambar ba ta wuce 10, ba ta gaza 1. Kafin mutum ya san sunan marubuci, kafin ya ji jimla ɗaya daga bakin ɗan wasa, an riga an sanar da shi hukuncin jama'a. Abin bai tsaya ga wasa sukutum ba, kowane kashi yana da tasa lambar, har akwai masu zana su a jadawali domin a ga inda wasa ya hau da inda ya gangaro.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun san daɗin irin wannan jadawali. Yana da tsabta, yana shiga allon waya, kuma ba ya gardama. Mun kuma san abin da ake zubarwa kafin a kai ga tsabtar. Shi ya sa muka ga ya dace a ɗauki wasa guda, wanda mutum ɗaya ya rubuta tun daga farko har ƙarshe, a aza shi kusa da makin da masu kallo suka ba shi, a ga inda makin ya faɗi gaskiya da inda ya yi shiru. Wasan da muka zaɓa shi ne Coupling, barkwancin soyayya da BBC ta nuna daga 2000 zuwa 2004, wanda Steven Moffat ya rubuta kashi 28 ɗinsa duka.

Mu faɗa tun da wuri: wasan na manya ne. Yana maganar abin da ke tsakanin mace da namiji gatsal, irin yadda ba a saba ji a tsakar gidajenmu ba. Abin da ya kawo mu gare shi ginin labarinsa ne, da kuma darasin da ke cikin yadda aka auna shi.

Mutum shida, kujera ɗaya

An haifi Moffat a garin Paisley na Sikotilan a 1961, ya yi koyarwa kafin ya shiga talabijin da wasan matasa mai suna Press Gang a 1989. Daga baya duniya ta san shi da jagorancin Doctor Who daga 2010 zuwa 2017, da kuma Sherlock da ya ƙirƙira tare da Mark Gatiss. Coupling ya zo a tsakiya, kuma daga gidansa ya ɗebo shi. Matarsa, Sue Vertue, ita ce furodusan wasan, kuma manyan masoya biyu na labarin sunansu Steve da Susan. Ba a ɓoye komai ba.

Tsarin mai sauƙi ne. Steve da Susan sun fara soyayya, kowannensu ya shigo da kaya biyu: tsohon masoyi da babban aboki. Steve ya zo da Jane, wadda ta ƙi yarda an rabu da ita, da Jeff, abokinsa mai kai cike da nazariyoyi a kan mata alhali gaban mace bakinsa ba ya yi masa biyayya. Susan ta zo da Patrick, tsohon saurayinta mai ji da kansa, da Sally, ƙawarta mai gyaran jiki wadda tsoron tsufa ke hana ta barci. Su shida ke haɗuwa a wata mashaya a Landan, mazan su yi hirarsu, matan su yi tasu, kyamara tana kaiwa da komowa tsakaninsu. Zango na farko kashi 6 ne, na biyu 9, na uku 7, na huɗu 6. A 2003 wasan ya ci kyautar gwarzon barkwancin talabijin a bikin British Comedy Awards.

Abin da jadawalin ke cewa

In aka jera kasusuwan wasan bisa makin masu kallo, siffa biyu ke fitowa fili. Ta farko, kasusuwan da Jeff ke tsakiyarsu, yana haƙa wa kansa rami da bakinsa, su ne ke yawan zama a sama. Ta biyu, zango na huɗu, wanda Jeff ba ya ciki, shi ne ke ƙasa.

A kan ta farkon, jama'a ba su yi kuskure ba. Ɗauki kashin da ya buɗe zango na biyu, The Man with Two Legs, wato mai ƙafa biyu. Jeff ya daɗe yana hango wata mata a jirgin ƙasa. Ranar da dama ta samu ya yi mata magana, sai ruɗewa ta sa ya shiga zancen ƙafa, daga nan bai san lokacin da ya ce mata ƙafarsa ɗaya ce ba. Ƙaddara ta sa ɗan'uwanta ya rasa ƙafa da gaske, don haka ƙaryar ce ta buɗe masa zuciyarta. Duk matakin da soyayyar ta ƙara, ƙaryar na ƙara nauyi, har ya zama abin da ya fi so a duniya yana gabansa amma lafiyayyar ƙafarsa ce ta tare hanya. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Moffat ya ɗauki minti talatin yana auna zurfin ramin taki-taki, kuma babu taki ɗaya da bai fito daga wanda ya gabace shi ba.

Haka kashi na biyar a zangon farko, wanda sunansa ma ba ya faɗuwa a gaban surukai. Jeff ya haɗu da wata baƙuwa daga Isra'ila wadda ba ta jin Turanci. Ganin ba ta fahimtar abin da yake cewa, karon farko a rayuwarsa ya saki jiki da mace. An nuna mana hirar daga ɓangarensa, ita tana Ibrananci. Sai aka mayar da agogo baya aka sake nuna hirar daga ɓangarenta: yanzu ita ke Turanci, shi kuma yana wani yare na ƙage. A nan ne mai kallo ke gano cewa duk inda Jeff ya ɗauka sun fahimci juna, gabas ya nufa ita ta nufi yamma, har ta tashi da yaƙinin cewa tafintarta yake so. Mai rubuta manhaja zai gane wannan nan take. Saƙo ɗaya ne ya bi ta mafassara biyu, kowanne ya fitar da nasa sakamako, kuma babu wanda ya ba da alamar kuskure.

Wannan dabara ce Moffat ya yi ta juyawa. A Split, mabuɗin zango na uku, an raba allo gida biyu daga farko har ƙarshe, Steve a ɗaya, Susan a ɗaya, bayan sun ɓata. A The End of the Line an tarwatsa jerin lokaci, ana bin kiran waya ɗaya daga bakin layi daban-daban, inda Susan ke kwaikwayon Bafaranshiya, Steve ke kwaikwayon mutumin Ostireliya, kowanne bai san da wa yake magana ba. Masu kallo suna son irin waɗannan, kuma suna da hujja. Aiki ne da ake iya ganin wahalarsa, kamar ɗinkin hula mai zane da yawa.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Yadda ake dafa lambar

Lambar da muke gani matsakaici ce, kuma matsakaici yana da halin haɗiye bambanci. Ga misali na lissafi kawai. Mutum goma sun kalli kashi, kowa ya ba shi 7, matsakaici 7. Wasu goma sun kalli wani kashin, biyar suka ba shi 10, biyar suka ba shi 4, matsakaici 7 ne shi ma. Na farko bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma taɓa zuciyar kowa ba. Na biyu ya raba ɗaki biyu. Ga mai nazarin adabi, na biyun ne abin tattaunawa, amma a jadawali tagwaye ne.

Sannan IMDb ba ta nuna matsakaici tsantsa. Ta faɗa da bakinta cewa ƙuri'u ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba ta bayyana yadda take auna su, domin kada masu maguɗi su gane hanya. Abin da ta taɓa wallafawa shi ne lissafin jerin finafinanta 250 mafiya daraja, wanda a taƙaice yake zuba wasu ƙuri'u na ƙage masu matsakaicin maki a cikin tukunyar kowane fim. A ce ana zuba ƙuri'a 100 masu maki 7. Fim mai ƙuri'a 10 da matsakaicin 9.5 zai sauko zuwa wajen 7.2. Fim mai ƙuri'a 1,000 da matsakaicin 9 zai tsaya a wajen 8.8. Dabara ce mai kyau, mu ma muna amfani da irinta a aiki. Sai dai tana tuna mana cewa lambar ba ɗanyen ra'ayin jama'a ba ce, girki ne, kuma akwai mai dafawa.

Babbar matsalar ma tana gaban lissafi: su wa suka jefa ƙuri'ar? A Birtaniya akwai ma'auni biyu da suka girmi wannan. Hukumar BARB, da aka kafa a 1981, tana ƙidaya yawan masu kallo ta hanyar zaɓaɓɓun gidaje da ke wakiltar ƙasa. BBC kuma tana da ma'aunin gamsuwa, inda ake tambayar wani rukuni da aka tsara, a fitar da maki bisa 100. Duka biyun suna ƙoƙarin zuwa wurin mai kallo. A IMDb mai kallo ne ke kawo kansa. Wanda ya yi rajista, ya nemo shafin kashi na goma sha bakwai na wani wasan shekarar 2002, ya danna tauraro, ba ɗan kallo ba ne kamar kowa. Masoyi ne, ko kuma mai jin haushi.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka. YouTube ta lura cewa mafi yawan masu ba da maki tauraro biyar suke dannawa, 'yan kaɗan su danna ɗaya, tsakiya kuma wayam, sai ta jefar da taurarin a 2010 ta koma ga ɗaga yatsa sama ko ƙasa. Netflix ta bi sahu a 2017. Mutane ba sa auna wasa kamar mai awon hatsi. Tafi suke yi ko tsaki.

Akwai kuma batun lokaci. Sai a farkon 2006 IMDb ta ba kowane kashi na wasan talabijin cikakken shafinsa, lokacin Coupling ya riga ya ƙare da fiye da shekara. Ke nan makin da muke gani ba na wanda ya zauna gaban talabijin daren da aka nuna kashin ba ne, yana jiran mako ya zagayo. Na wanda ya kalla a faifai ne ko a intanet, sau da yawa kashi bayan kashi a zama ɗaya, da yawansu kuma sun zo ne bayan sunan Moffat ya cika duniya. Wanda ya shigo ta ƙofar Sherlock ya zo neman wasa da lokaci da wuyar warwarewa. Da ya same su sai ya saka da 10. Ba mamaki jadawalin ya yi kama da abin da aka riga aka san marubucin da shi.

An bar jaki ana dukan taiki

Richard Coyle, wanda ya fito a Jeff, ya ƙi dawowa zango na huɗu don gudun kada a ɗaure shi a irin wannan rawa har abada. A labarin aka ce Jeff ya tafi wani tsibiri a Girka, aka kawo sabon mutum, Oliver, mai shagon kayan almarar kimiyya, wanda Richard Mylan ya fito a matsayinsa. Makin zangon ya sauka, kuma bayanin da aka saba bayarwa gajere ne: babu Jeff, babu wasa.

Akwai gaskiya a ciki. Kuskuren Moffat shi ne ya ɗinka wa Oliver riga da awon Jeff. Shi ma mai ruɗewa ne gaban mata, shi ma bakinsa na jefa shi rami. Duk lokacin da ya buɗe baki, mai kallo na jin muryar wanda ba ya nan. Da an kawo mutum mai wani hali dabam, da kwatancin bai yi tsanani haka ba.

Amma a duba Nine and a Half Minutes, kashin da ya buɗe zangon. Minti tara da rabi ne a cikin mashaya ɗaya, aka nuna su sau uku daga idon mutane daban-daban, abin da ya zama hayaniyar bayan fage a zagaye na farko ya dawo ya zama tsakiyar labari a na uku. Ta fuskar gini, bai gaza Split da komai ba. Wanda ya rage masa maki saboda kewar Jeff yana da 'yancinsa, sai dai abin da ya auna kewa ce, kuma a cikin rumbun bayanai babu gurbin da aka rubuta dalili. Ƙuri'ar mai cewa rubutun ya yi rauni da ta mai cewa na yi kewar abokina duk lamba 6 ce.

Masu bin wasannin Hausa masu dogon zango sun san wannan yanayi. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi rawar Sumayya, an ɗauki lokaci ana muhawarar fuska kafin a koma maganar labari. Mai kallo yakan ƙulla zumunci da ɗan wasa, kuma in an taɓa zumuncin, wanda ya zo daga baya ne ke shan duka.

Abin da lambar ba ta gani

Babban aibin auna kashi-kashi shi ne ya ɗauka kowane kashi abu ne mai zaman kansa. Ga barkwancin ruɗani hakan daidai ne, don ana kunna wutar a minti na biyu ta cinye gidan a minti na ashirin da tara. Soyayya kuwa tari take yi. Abin da ke sa kallo ɗaya ya yi nauyi a zango na uku shi ne zango biyu da aka yi ana kauce masa.

A ganinmu, labarin soyayya mafi kyau a Coupling ba na Steve da Susan ba ne, na Patrick da Sally ne. An fara su a matsayin abin dariya: shi mai ra'ayin mazan jiya wanda ba ya iya riƙe sunan mace, ita mai goyon bayan jam'iyyar Leba wadda ke lissafin kowace tamoji a fuskarta. Sannu a hankali Moffat ya bar su suna zama kusa da juna ba tare da sun san dalili ba. A Remember This, cikin zango na uku, Patrick ya bayyana a gidan Sally da tsakar dare domin ya cece ta daga gizo-gizo, alhali ba ta kira shi ba. Daga nan kowannensu ya ba abokansa labarin ranar da suka fara haɗuwa, labaran biyu suka ƙi dacewa, kuma a cikin giɓin da ke tsakaninsu ne mai kallo ke gano abin da su kansu ba su yarda da shi ba tukuna. Dabarar fuska biyu ce dai irin ta kashin baƙuwar Isra'ila, amma a can an yi ta don dariya, a nan an yi ta don a nuna yadda mutum ke gyara tunaninsa domin ya kare zuciyarsa. Wanda ya tsinci wannan kashi shi kaɗai zai ga wasa mai kyau. Wanda ya biyo su tun farko zai ga biyan bashi. Wa za a rubuta wa makin, kashin da ya biya ko kasusuwan da suka ci bashin?

A nan kwatanci da Bob Larbey yana da amfani. Wasansa As Time Goes By, da Judi Dench da Geoffrey Palmer, ya fara a 1992 ya kai har 2005. Labarin wani soja ne da wata ma'aikaciyar jinya da suka rabu lokacin yaƙin Koriya saboda wasiƙar da ba ta isa ba, suka sake haɗuwa bayan shekara 38. Da wuya a ciro kashi ɗaya daga cikinsa a ce ga gwanintar. Ana shan shayi, ana ƙananan gardama, tsofaffi biyu na koyon zama da juna. Daɗinsa a cikin jimillar yake. Ma'aunin da ke neman ƙololuwa ba shi da abin da zai ce game da irin wannan rubutu, alhali shi ne ya riƙe masu kallo shekara goma sha uku.

Lambar ba ta ganin aibi ma. Mazan Coupling an rubuta su daga ciki, matan kuma sau da yawa daga waje, kamar yadda namiji mai tsoro ke hango su. Jane ta daɗe tana zama tarin halaye masu ban mamaki kafin a ba ta zuciya. Susan, wadda ta fi kowa hankali, yawanci aikinta ta tsaya tana kallon shirmen Steve. Shi kuwa Steve an ba shi dogayen jawabai, kamar wanda ya yi a kan rashin amfanin matasan kujera, da wanda ya yi a kan muhimmancin sakata a ƙofar banɗaki, masu kallo a ɗakin ɗauka su yi ta tafi. Jawaban suna da ban dariya, amma kusan kullum namiji ne ke samun kalmar ƙarshe, kuma saƙon da ke ƙarƙashi ɗaya ne: maza haka Allah ya yi su, mata sai haƙuri. Wanda wannan ya dame shi ya ajiye wasan tun a kashi na biyu ko na uku, bai kai ga shafin kashi na ashirin ba balle ya rage masa maki. Waɗanda suka rage su ne waɗanda abin bai dama ba. Masu lissafi na kiran wannan son kai na waɗanda suka tsira: kana tambayar waɗanda suka ƙetare kogi ko ruwan na da zurfi.

Makin na wa ne?

Akwai gwaji guda da tarihi ya yi mana kyauta. A 2003 tashar NBC ta Amurka ta sake yin Coupling da 'yan wasanta, tana fatan ya gaji Friends da ke dab da ƙarewa. An yi amfani da rubutun Moffat na zangon farko kusan yadda yake, sai dai an datse shi don a sami wurin talla. Kashi huɗu aka nuna aka dakatar da shi. Marubuci ɗaya, barkwanci ɗaya, sakamako ya sha bamban. A aikinmu in ka canja abu ɗaya sakamako ya rushe, ka san inda nauyin yake. Ashe wani kaso mai yawa na abin da ake rubuta wa Moffat a jadawali na Richard Coyle ne da yadda yake haɗiye yawu kafin ya yi ɓaranɓarama, na darakta Martin Dennis ne, na kuma mintunan da BBC ke bari ruɗani ya nuna kafin a sauke shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihin Moffat kansa ya isa gargaɗi. Wasansa Chalk na 1997 ya sa masu kallo a ɗakin ɗauka dariya har BBC ta ba da umarnin zango na biyu kafin a nuna na farko, da ya fito kuma masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Joking Apart, wanda ya rubuta daga mutuwar aurensa na farko, bai tara jama'a ba, an yi ta jan ƙafa wajen nuna shi, amma waɗanda suka gan shi suka riƙe shi, har wani masoyin wasan ya sayi izini da kuɗinsa ya fitar da shi a faifai a 2006. Ɗakin ɗauka, masu sharhi, ƙidayar gidaje, masoya na bayan shekaru: ma'auni huɗu, amsa huɗu, kuma kowanne gaskiya ya faɗa game da mutanen da ya tambaya.

Yadda za mu karanta ta

Ba muna cewa a watsar da makin ba. In mutum na da minti talatin kacal yana son ya san ko Coupling zai ba shi dariya, ya bi jadawali ya ɗauki na sama, ba zai yi da-na-sani ba. Lambar ta iya nuna inda aka fi tafi. Abin da muke roƙo shi ne a yi mata tambayoyi uku kafin a miƙa mata wuya: mutum nawa ne suka jefa, su wane ne, kuma yaushe? In shafin na nuna yadda ƙuri'un suka rarrabu daga 1 zuwa 10, a duba wannan kafin matsakaicin, domin a nan ake ganin kashin da ya raba kan mutane.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne marubuci. Moffat ya rubuta Coupling kafin a fara liƙa wa kowane kashi lamba washegarin fitowarsa. Da yana duba irin wannan jadawali duk mako, darasin da zai ɗauka a bayyane yake: ƙara Jeff, ƙara ruɗani, rage shirun da ke tsakanin Patrick da Sally. Da ya bi, da makin ya hau na ɗan lokaci, da kuma ba a sami abin da zai sa kashin ƙarshe ya yi nauyi ba, inda Steve, bayan zango huɗu yana gudun girma, ya tsaya yana kallon jaririnsa bakinsa ya mutu. Marubutanmu da ke sakin labari babi-babi a waya, ko wasa mako-mako a YouTube, suna rayuwa cikin abin da Moffat ya tsallake: kafin su rubuta babi na gaba, an riga an ƙidaya musu na jiya. Babin da aka yi faɗa zai tara sharhi, babin da aka shuka dalilin faɗan zai wuce shiru. Wanda ya daina shuka saboda ba a tafa masa ba, zai zo girbi ya tarar da gona fayau.

Masu karatu ma da nasu alhakin. Danna tauraro ba ya cin daƙiƙa biyu, rubuta jimla uku a kan dalilin da ya sa babi ya taɓa ka yana cin minti biyar. Marubuci na iya yin aiki da jimla ukun. Da tauraron kuwa, abin da kawai zai iya yi shi ne ya ƙirga.